Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu? Waiwaye Kan Likitanci Daga Nesa

A shekarar 2002 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga wani nazari da bai yi wa masu tallar likitanci daga nesa daɗi ba. Pamela Whitten da abokan aikinta sun tattara maƙalu 612 da suka taɓo maganar kuɗi a wannan harka. Da suka tankaɗe suka rairaye, 55 kaɗai ke ɗauke da alƙaluman kuɗi na gaske, a cikinsu ma 24 ne suka isa a tsaya a kansu. Hukuncin da suka yanke gajere ne: babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa abin yana fitar da kuɗin da ake zuba masa. Alhali kuwa an shafe shekara arba'in ana kafa kyamarori a asibitoci, ana gayyato manya su buɗe, ana yi wa mutanen karkara albishir cewa an kawo musu babban likita har ƙofar gida, kuma a araha.

Masu nazarin ba su ce abin ba ya taimakon kowa ba. Abin da suka gano shi ne an daɗe ana yabon araharsa ba tare da an zauna an yi lissafi ba. Daga lokacin zuwa yau an yi lissafin a ƙasashe da dama, ya fita a wani wuri, ya ƙi fita a wani. Wanda ya bi tarihin tun daga tushe zai ga dalili.

Tun wayar tarho tana jaririya likitoci suka fara gwada ta. A 1879 mujallar Lancet ta ba da labarin wani likita da aka tayar cikin dare, ya ce a kawo yaron kusa da waya ya ji tarinsa, ya saurara, ya ce a kwantar da hankali har gari ya waye. A 1905 Willem Einthoven ya jawo bugun zuciyar majinyata ta waya daga asibitin Leiden a Holan zuwa ɗakin bincikensa, tazarar kilomita ɗaya da rabi. Amma duk wannan sha'anin birni ne. Inda abin ya zama na rai da mutuwa shi ne dajin Ostareliya.

A 1917 doki ya kayar da wani makiyayi, Jimmy Darcy, a yankin Kimberley da ke arewa maso yammacin ƙasar. Aka ɗora shi a keken doki aka yi ta tafiya har garin Halls Creek, inda babu likita, babu asibiti. Wanda ya ɗan san taimakon farko a garin shi ne shugaban gidan waya, Fred Tuckett. Sai ya buga wayar tangaraho zuwa birnin Perth, tazarar kusan kilomita 2,000 ko a miƙe, aka nemo masa Dokta Holland. Tambaya ta tafi ƙwas-ƙwas, amsa ta dawo ƙwas-ƙwas, har likita ya gane mafitsara ce ta fashe, kuma in ba a yi aiki nan take ba mutumin ba zai kai labari ba. Tuckett ba shi da kayan tiyata, sai abin da ke hannunsa. A kan kantar gidan waya aka kwantar da Darcy, aka yi masa aiki da 'yar wuƙar aljihu da reza, ana yanka ana jiran umarni na gaba ya iso ta waya, aka kwashe sa'o'i ana fama. Aikin ya yi kyau, amma jiki ya ƙi daɗi, sai Holland ya kamo hanya da kansa: jirgin ruwan dakon shanu, sannan mota, sannan keken doki, har da tafiyar ƙasa. Kusan mako biyu ya yi a hanya. Ya iso ya tarar Darcy ya cika kwana ɗaya kafin zuwansa. Da ya binciki gawar, sai ya ga wuƙar Tuckett ba ta da laifi; zazzaɓin cizon sauro da wani ƙurji a ciki ne suka ƙarasa shi.

Labarin ya cika jaridu, ya kuma ƙarfafa wa wani limamin coci, John Flynn, gwiwa kan abin da ya daɗe yana nema. A 1928 ya kafa hidimar likita mai tafiya a jirgin sama a garin Cloncurry, da jirgi ɗaya da aka ɗauko haya daga kamfanin Qantas a kan sule biyu kowace mil. Jirgin ne ya yi suna, shi ake ɗauka a hoto. To amma jirgi ba shi da amfani in mai ciwo ba zai iya kiransa ba, kuma babu aljihun da zai ɗauki tashi sama saboda kowane ciwon kai. Wani injiniya, Alfred Traeger, ya ƙera rediyon da ake tuƙa masa feda kamar keke don ya samu wuta, aka fara kai shi gidajen makiyaya a 1929. A 1942 aka ƙara da akwatin magani: kowane magani da lambarsa, akwatin kowane gida iri ɗaya da na sauran. A 1951 wata ma'aikaciyar jinya, Lucy Garlick, ta zana jikin mutum ta yi wa kowane sashe alama, don mai kira ya iya faɗin daidai inda ke masa ciwo. Matar makiyayi ta kira ta yi bayani, likita ya ce ta buɗe akwati ta ɗauko lamba kaza, ta ba shi kaza sau kaza a rana. Yawancin kira a nan yake ƙarewa. Jirgi sai ga wanda lamarinsa ya tsananta.

Duk tsarin da ya ɗore daga baya, in ka tona ƙarƙashinsa, abin da za ka tarar ke nan: hanyar magana mai araha, mutum a gefen marar lafiya da zai zama ido da hannun likita, magani a kusa, da abin hawa na ranar da magana ta gagara.

Sai zamanin talabijin ya zo ya ɗauke wa mutane hankali. A 1959 Jami'ar Nebraska a Amurka ta fara amfani da talabijin mai kai-da-komo wajen koyarwa, a 1964 kuma ta haɗa cibiyar masu taɓin hankali ta Omaha da asibitin Norfolk, mil 112 tsakani. A 1968 babban asibitin Massachusetts ya haɗa kansa da ɗakin duba marasa lafiya na filin jirgin saman Boston. Gwamnatin Amurka ta buɗe bakin aljihu, gwaje-gwaje suka yi ta tsirowa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne na hukumar sararin samaniya, NASA, wadda ke neman hanyar kula da lafiyar 'yan sama jannati. Ta haɗa kai da kamfanin Lockheed da hukumar lafiyar 'yan asalin ƙasar, aka kai gwajin yankin al'ummar Tohono O'odham a hamadar Arizona daga 1973 zuwa 1977. Wata ƙatuwar mota ce maƙare da na'urori, har da ta ɗaukar hoton ƙashi, tana zagaya ƙauyuka tana aika hoto da murya zuwa asibitin Sells da na Phoenix. Da aka tambayi ma'aikatan, ƙorafinsu shi ne na'urorin suna yawan lalacewa, ganawa ta talabijin kuma tana cin lokaci. A Ontario ta Kanada ma, a cikin shekarun nan, an gwada talabijin mai launi, da baƙi-da-fari, da hoto tsayayye, da tarho zalla, aka ga bambancinsu wajen gano cuta bai taka kara ya karya ba.

Ranar da tallafi ya ƙare, ranar aka kashe fitila. Kafin tsakiyar shekarun 1980 kusan duk gwaje-gwajen nan sun bi ruwa. Wanda ya tsira shi ne wanda ba ya da ƙyale-ƙyale: na Jami'ar Memorial a tsibirin Newfoundland, wanda Dokta Max House ya fara a 1977. Shi ma ya ɗanɗana tauraron ɗan'adam da talabijin, ya ga ba za su ɗauku ba, ya koma kan layin tarho. Lasifika da makirfo a asibitocin garuruwan masunta, a yi taro, a yi darasi, a tura awon ƙwaƙwalwa da na zuciya ta waya. Asibitoci da makarantu da ma'aikatu suna amfani da layi ɗaya, suna raba kuɗinsa. Daga can ne ma, a tsakiyar shekarun 1980, aka miƙa layi zuwa makarantun likitanci na Nairobi da Kampala.

Shekarun 1990 suka zo da kwamfuta mai araha da layukan waya masu ɗaukar hoto, harkar ta farfaɗo, kuma a wannan karon aka fara samun masu riƙe da takardar lissafi. Lissafin da ya fi burge ni daga arewacin Norwe ya fito, inda ƙanƙara da tsaunuka ke raba garuruwa da babban asibitin Tromsø. Wata masaniyar tattalin arziki, Trine Bergmo, ta duba masu ciwon kunne, hanci da maƙogwaro na garin Alta, ta auna hanyoyi uku: a kai marar lafiya Tromsø, ko a duba shi ta kyamara, ko ƙwararren likita ya riƙa zuwa Alta lokaci-lokaci. A sakamakon da ta buga a 1997, idan marasa lafiya ba su kai 56 a shekara ba, biya musu kuɗin tafiya ya fi araha. Daga 56 zuwa 325, kyamara ce ta fi sauƙi. In suka haura 325, gara a ɗauko likitan ya zo da kansa. Na'urar nan kamar motar haya take: ko an samu fasinja ko ba a samu ba, balas yana nan yana jira, sai ta cika take fitar da kuɗinta. Ƙauyen da ya fi nisa kuwa sau da yawa shi ne mafi ƙarancin mutane, shi ya sa wurin da ya fi buƙatar abin ne lissafinsa ya fi wuyar fita.

Akwai kuma tambayar da masu talla ba su cika son a yi ba: aljihun wa ake lissafawa? A Norwe gwamnati ce ke ɗaukar yawancin kuɗin tafiyar marar lafiya, don haka duk tafiyar da aka fasa riba ce a littafinta. Ba mamaki a 1996 ta riga kowace ƙasa sa ganin likita daga nesa cikin jadawalin ayyukan da take biya. A inda talaka ke biyan kuɗin motarsa da kansa kuwa, asibiti ne zai sayi na'ura, ya biya intanet, ya ware lokacin likita, rarar kuma ta faɗa aljihun manomi. Akawun asibiti asara zai gani a rubuce, kuma bai yi ƙarya ba.

Ingila ta sha nata darasin da tsada. Daga 2008 ta gudanar da gwaji mafi girma a lokacin, a Cornwall da Kent da Newham, inda aka bi mutum sama da 3,000 masu ciwon suga, ciwon huhu da ciwon zuciya, kusan rabinsu an kai musu na'urorin awo gida. Da sakamakon kuɗi ya fito a 2013, ƙarin shekara ɗaya ta rayuwa cikin ƙoshin lafiya ta tashi a fam 92,000, ninki uku na fam 30,000 da hukumomin lafiyar ƙasar suke ɗauka a matsayin iyaka a lokacin. Mutanen nan suna da likita a unguwarsu tun farko. Na'urar ƙari ta zama a kan abin da ake da shi. A 2017 kuma cibiyar bincike ta RAND ta duba ma'aikatan jihar Kalifoniya masu kiran likita ta waya saboda mura da tari, ta ga kashi 12 cikin 100 ne kawai na kiran suka maye gurbin zuwa asibiti. Sauran kashi 88 mutane ne da da babu wayar, da sun yi zamansu a gida. Ga kamfanin inshora wannan asara ce. Amma a kai wannan alƙalami ƙauyen da mace za ta haifi 'ya'ya bakwai ba ta taɓa tsayawa gaban likita ba, sai ma'anarsa ta juya: sabon kiran nan shi ne abin da aka fita nema. Kuɗi zai ƙaru, babu makawa, sai dai a tambayi abin da aka saya da shi.

Alaska ta nuna inda lissafi ke fita sarai. Yawancin ƙauyukanta babu titin mota, sai ƙaramin jirgin sama, kuma ciwon kunne ya addabi yaransu. Tun 1968 suke da tsarin horar da ɗan gari ko 'yar gari ya zama ma'aikacin lafiya na ƙauyensu, tun 1971 kuma waɗannan ma'aikata ke magana da likita ta tauraron ɗan'adam, murya kawai. A ƙarshen shekarun 1990 aka kawo wani ɗan teburi mai taya, da kwamfuta, da kyamarar leƙa kunne, da na'urar awon zuciya. Hikimar ita ce ba sai likita da marar lafiya sun zauna lokaci ɗaya ba. Ma'aikaciya ta ɗauki hoton dodon kunne, ta rubuta bayani, ta tura. Likita a Anchorage ya duba in ya samu sarari, ya maido da amsa. Layi mai rauni ya wadatar, kuma likita yana iya duba mutum da yawa a lokacin da da ɗaya zai gani ta bidiyo. A yankin Nome, kafin wannan tsari kashi 47 cikin 100 na sabbin masu ciwon kunne da maƙogwaro sai sun jira wata biyar ko fiye kafin su ga ƙwararre. Abin ya sauko zuwa kashi 8, daga baya ya koma ƙasa da 3. A wani aikin kuma an riƙa tura mai auna ji ƙauye-ƙauye da na'urar, ya duba mutum 1,458, kashi 85 cikin 100 ba su buƙaci tafiya ba. An kashe kimanin dala dubu 141, aka tsira da kuɗin tafiya kimanin dala dubu 496.

A jihar New Mexico, Dokta Sanjeev Arora ya bi ta wata ƙofar. Masu ciwon hanta nau'in C suna jiran wata takwas kafin su gan shi, don haka a 2003 ya fara zama ta bidiyo kowane mako da ma'aikatan asibitocin karkara da na gidajen yari, su kawo matsalolin majinyatansu a tattauna, har su ƙware. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna kashi 58 cikin 100 sun warke a hannun ma'aikatan karkara, daidai da na asibitin jami'ar da shi Arora yake aiki. A nan ilimi aka tura ta waya, shi kuwa in ya sauka a gari ba ya buƙatar data.

Jihar Minas Gerais ta Birazil ce ta gwada abin a faɗin da ya isa a kira shi tsari. Tana da ƙananan hukumomi 853, ƙwararrun likitocin zuciya kuwa suna tare a manyan birane. A 2006 jami'o'in jihar suka fara da garuruwa 82: a auna bugun zuciya a asibitin gari, a tura ta intanet, likitan da ke bakin aiki ya karanta ya maido. Kafin ƙarshen 2011 garuruwan sun kai 608, an karanta awo sama da dubu 780, kuma a cikin shawarwarin da aka nema, wajen kashi 80 cikin 100 sun hana a tura marar lafiya birni. Da jarin kimanin dala miliyan 9, an ƙiyasta rarar dala miliyan 20. Abu biyu suka taimake su: likita ɗaya yana yi wa ɗaruruwan garuruwa aiki, sannan ƙananan hukumomi ne ke biyan motar kai marasa lafiya, saboda haka shugaban ƙaramar hukuma yana ganin rarar da idonsa.

Annobar korona ta buɗe ƙofar da aka yi shekara hamsin ana ƙwanƙwasawa. A shirin inshorar tsofaffi na Amurka, ganin likita daga nesa ya tashi daga kusan 840,000 a 2019 zuwa miliyan 52.7 a 2020, amma mutanen birni sun fi na karkara cin moriyarsa, don su ke da intanet mai ƙarfi. Indiya ta bi hanyar Alaska: a tsarinta na eSanjeevani, wanda ya haura ganawa miliyan 100 a farkon 2023, yawancin mutane ƙaramin asibitin unguwa suke zuwa, ma'aikacin wurin ya haɗa su da likita.

Mu a nan Afirka mun maimaita kuskuren shekarun 1970 kamar ba a taɓa yinsa ba. A 2004 shugaban Indiya A.P.J. Abdul Kalam ya kawo shawarar haɗa ƙasashen nahiyar da manyan asibitocin ƙasarsa ta tauraron ɗan'adam. Aka ƙaddamar a 2009, da cibiya kusa da Dakar, Indiya ta miƙa wa Tarayyar Afirka ragamarsa a 2017. Babban asibiti ne aka haɗa da babban asibiti. Mutumin ƙauye sai ya fara isa birni tukuna. A Najeriya kuma, bayan harba tauraron NigComSat-1 a watan Mayun 2007, hukumar sararin samaniya da ma'aikatar lafiya sun haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu cibiyoyin lafiya na tarayya, har da na Gombe da Birnin Kebbi, da motar asibiti mai zagaye. A watan Nuwamban 2008 tauraron ya mutu saboda matsalar wuta, wata goma sha takwas da harba shi, wanda ya gaje shi kuma bai tashi ba sai Disamban 2011.

Can gefe kuwa, ba tare da hayaniya ba, wasu matasan likitocin Mali, cikinsu har da Cheick Oumar Bagayoko, sun haɗa kai da asibitin jami'ar Jeneba tun wajen 2001 suka kafa tsarin likitanci daga nesa da ya zama RAFT, wanda ya yaɗu har Nijar da Cadi da Kamaru. Da gangan aka gina shi don intanet mai tafiyar hawainiya. Aka koya wa likitocin karkara da ungozomomi ɗaukar sikanin ciki da awon zuciya, su tura Bamako a duba musu. Wani bincike a asibitocin gundumomi huɗu na Mali ya nuna kowane marar lafiya yana tsira da sefa dubu 12 da 'yan kai, wani har dubu 35. A Ghana ma, aikin da aka fara a gundumar Amansie West a 2011 wayar hannu ce kawai da cibiyar amsa kira dare da rana, inda ma'aikaciyar lafiyar ƙauye ke samun nas ko likita. Gidauniyar Novartis da ta ɗauki nauyinsa ta ce kashi 31 cikin 100 na kiran sun hana tura marar lafiya gaba. Alƙalamin mai kaya ne, a karɓe shi da lura, amma dai hukumar lafiyar Ghana ta gamsu har ta ɗauki tsarin ta yaɗa shi a ƙasar.

A Arewa, likitanci daga nesa na gaske bai jira tauraro ba. Da wayar salula ya shigo bayan 2001, kuma babu wanda ya yi bikin buɗe shi. Je ka asibitin sha-ka-tafi da yamma, za ka ga malamin asibiti ya fito ya tsaya gindin bishiyar da sabis ke kamawa, ya kira wani likita da suka taɓa aiki tare. "Ranka ya daɗe Dokta, ina da wata baiwar Allah a nan, ciki wata takwas, ƙafa ta kumbura, jini ya hau sosai, tana kukan ciwon kai." Likita ya tambayi awon fitsari, ya ce a yi mata allurar hana jijjiga yanzu-yanzu, a nemi mota, kada a bari ta kwana. Malam ya koma ciki ya ce wa mijin, "Malam, sai haƙuri, wannan ta fi ƙarfin nan." Wannan kira bai rage wa kowa kuɗin mota ba, amma ya sa an yi tafiyar a kan lokaci, da allura a jiki. Washegari kuma hoton ƙurajen wani yaro ne zai tafi ta WhatsApp, amsa ta dawo cewa ƙazwa ce, ga maganin da za a saya a kemis, a shafa wa duk 'yan gidan, a wanke shimfiɗa. Wannan kam ya tsirar da uban yaro daga kuɗin acaɓa zuwa bakin titi, da kuɗin motar mutum biyu, da yankar kati, da abinci, da kwanan baranda, da yini biyu na noma a tsakiyar damina. Wani lokacin akuya ake sayarwa kafin a yi irin wannan tafiya.

To wa ya biya? Katin malam ne ya ƙone, barcin likita ne ya katse, kuma babu littafin da aka rubuta ko ɗaya daga cikin kiran biyu. Tsarin yana tafiya ne a kan sanayya da kunya. Malamin da bai san likita ba, majinyatansa sun shiga uku. In an samu kuskure kuma, babu mai ɗaukar alhaki, ga hoton jikin mutane yana yawo a wayoyi. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, ga litar fetur da ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farkon 2023 zuwa sama da 1,000 kafin ƙarshen 2024, darajar kowace tafiya da aka fasa ta ninka. Sai dai shi ma layin ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. A watan Satumban 2021 an rufe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka bi da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, a daidai yankunan da hanya ta fi haɗari, inda kiran likita ya fi ko'ina amfani.

Wanda ke ganin kamfanoni za su cike giɓin, ya dubi Ruwanda. Kamfanin Babyl ya fara aiki a can a 2016, da tsarin da ke tafiya ko a 'yar ƙaramar waya: ka danna lambobi, nas ko likita ya kira ka, lambar karɓar magani ta zo ta saƙon tes. Mutum sama da miliyan 2 suka yi rajista, aka haɗa shi da inshorar lafiya ta al'umma, a 2020 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniyar shekara goma da shi. A watan Agustan 2023 uwar kamfanin, Babylon, wadda aka yi wa kuɗi sama da dala biliyan 4 a 2021, ta durƙushe saboda asarar da ta tafka a Amurka da Birtaniya, reshen Kigali ya rufe tare da ita. Babu ruwan manomin Ruwanda da dalilin faɗuwar, amma layinsa ne ya mutu.

Najeriya tana da asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, tana kuma da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Da ni ake tambaya, ba zan fara da sayen manyan allunan bidiyo ba. A kowace jiha zan sa ɗaki ɗaya mai sola da layin kira kyauta, da likitoci da ungozomomi masu karɓa-karɓa waɗanda ake biyansu don wannan aiki, kowane malamin asibiti ya san lambar ko yana da sanayya ko ba shi da ita. A rubuta kowane kira: me aka tambaya, me aka ce, an tura marar lafiya ko ba a tura ba, kilomita nawa ne zuwa babban asibiti. A tabbata maganin da likita zai ambata yana kan kanta, motar ɗaukar marasa lafiya kuma da mai a tankinta. Bayan shekara biyu a ɗauko littafin a yi irin lissafin da Bergmo ta yi wa Alta, amma a wannan karon a sa kuɗin acaɓa da yinin gona a cikin jimla.